Fitilar Injiniya da Idon Surukina

Zariya

Ladan bai kira assalatu ba na fito daga gidana a Tudun Wada, jaka a kafaɗa, matata Adiza na biye da ni har bakin ƙofa da jaririya a hannu. Jego take yi, ko arba'in ba ta yi ba, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina. Ita 'yar Maamobi ce ta birnin Akra, kuma can mahaifinta yake, tsoho mai ido ɗaya. Na hagu hawan jinin ido ya tafi da shi tun shekarun baya, na dama kuwa maganin ɗigawa ne ke riƙe da shi. To sai ƙanwarsa, Mma Memuna, ta bugo waya ta ce Baba ya ajiye maganin. Wai wani matashi da ake kira Injiniya Rashid ya ƙera ƙaramar rana a shagonsa, kullum da safe tsofaffi na zuwa su zauna su zuba mata ido don su warke. Adiza ta kira uban nata ta roƙe shi, ya ce 'yar da ya haifa ba za ta koya masa zaman duniya ba, ya kashe waya.

"Malam, kai ne ka san haske," in ji ta a bakin ƙofa. "In wannan idon ya tafi, shi ke nan."

Na ce, "Ni zan dubi surukina in ce masa ya yi kuskure? Da wane bakin?"

"Ka nemi bakin a hanya," ta ce, ta koma ciki.

Ni malamin fiziks ne a makarantar sakandare, na tsufa ina zana wa yara bakan gizo a allo. Ban taɓa zaton zan ƙetare iyaka uku saboda ƙwan fitila ba.

Hanyar Legas

Babbar bas na shiga. Maƙwabcina a kujera wani ɗan kasuwar takalma ne, mai fara'a da yawan tambaya. Kafin mu kai Kaduna ya san sana'ata, kafin Abuja ya ciro waya ya nuna mini bidiyo. Wani saurayi ne ke ta zuba, yana cewa Turawa sun kama rana sun ɗaure, nan da baɗi lantarki kyauta.

"Malam, gaskiya ne?"

Na ce masa akwai ƙwayar gaskiya a ciki, amma an jiƙa ta har ta kumbura. Rana dai ba itace take ci ba. A can cikinta, nauyi da zafi ne ke matse ƙwayoyin zarra mafi sauƙi, na haidirojin, har su haɗe su zama wata ƙwaya, kuma a wajen haɗewar ne ƙarfi ke fita, ya zo mana a matsayin haske da ɗumi. Masana na son su yi haka a doron ƙasa. Wasu na killace iska mai tsananin zafi da manyan maganaɗisu, wasu na tara hasken leza daga kowace kusurwa su dankara wa ɗan ƙwallon da bai kai ƙwayar barkono ba. An taɓa samun ƙarfin da ya fito daga ɗan ƙwallon ya fi hasken da ya dake shi, wannan gaskiya ne. Abin da saurayin bidiyo bai faɗa ba shi ne, wutar da aka ƙona wajen kunna lezar ta ninka abin da aka samu nesa ba kusa ba. Har yau babu gida ɗaya a duniya da ke kunna fanka da wannan wuta.

"To yaushe za a samu?"

Na ce tun ina ɗalibi ake ce mana saura kaɗan, ga shi na yi furfura, har yanzu saura kaɗan. Aikin na gaske ne, masu yin sa ba wawaye ba ne, watakila jikokinmu su mora. Masu yayata shi ne ba su da kunya. Mutumin ya mayar da wayarsa aljihu, da alama bidiyon ya fi masa daɗi. Daga Lokoja bai ƙara tambayata komai ba, sai dai ya miƙo mini soyayyen kifi, muka ci.

A Agege na sauka, gidan wani ɗan baffana mai sayar da goro. Na ci tuwon shinkafa da miyar kuka da ta sha hanya kamar ni, na kwanta.

Kwatano da Lome

Da gari ya waye na shiga motar haya ƙirar Siyena mai zuwa Akra kai tsaye. Direban Bayarabe ne, yana jin Hausa da Faransanci da abin da ya kira yaren shinge. Shingaye kuwa mun gan su. Wannan ya duba fasfo, na gaba ya duba katin rigakafi, na gaba ya duba ko na baya ya duba. Naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi, kowane canji sai aljihu ya ƙara sauƙi. A Kwatano muka ci burodi da ƙwai a tsaye, a Lome teku ya bi mu ta hannun hagu har iyakar Aflawo.

Duk wannan hanyar ba shinge nake tunani ba. Jumla nake haɗawa. Tun da na auri Adiza ban taɓa haɗa ido da Baba ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ce masa a'a ba ko da kan sukarin shayi ne. Kowace jumla na haɗa, in na gwada ta a raina sai in ji ta yi kama da rashin tarbiyya. Muka shiga Akra bayan la'asar ban samu ko ɗaya ba.

Maamobi

Daga tasha na hau trotro, wato ƙaramar bas ɗinsu, na sauka a bakin titi na kutsa lungu. Mma Memuna ta tare ni da murna. "Ei, Malam, sannu da hanya. Adiza yana lafiya? Yarinya yana shan nono?" A Hausar Zango, wato ta unguwannin Hausawan can, mace da namiji duk "ya" ne, na daɗe da sabawa. Ta ajiye mini shinkafa da wake da yajin shito, sannan ta kai ni gaisuwa.

Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Baba, kaina a ƙasa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen Zariya ɗaya bayan ɗaya. Da ya juya zai ɗauki carbi na saci kallonsa. Idon daman ja wur yake, fatar ta kumbura, ruwa na bin kumatunsa yana sharewa da bakin rawani.

"Ka ga hawayen nan?" in ji shi. "Cuta ne ke fita. Injiniya ya ce haka yake farawa."

Me na ce? "Allah ya ƙara sauƙi, Baba." Abin da malamin fiziks ya zo da shi daga Zariya ke nan.

Shagon Injiniya

Washegari bayan na sha koko da ƙosai na nemi shagon. Yana wajen babbar kwatar da ta raba unguwar Nima da Maamobi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. An jera benci huɗu, an manna hotunan manyan injuna na ƙasashen waje a bango, waɗanda aka ciro daga intanet. A kan tebur akwai tsohuwar tukunyar gas da aka yi wa fentin azurfa, da wayoyi kala-kala da ba su haɗu da komai ba, da mita mai allura wadda ba ta motsi. A saman tukunyar aka kafa ƙaramar ranar.

Kallo ɗaya na yi mata na gane ta. Doguwar fitilar lantarki ce, amma ba fara ba, garau take kana hango cikinta, tana ba da haske shuɗi mai sirkin shunayya, ga wani wari kamar na wurin walda. Irin wadda asibitoci ke kunnawa a ɗakin da babu kowa don kashe ƙwayoyin cuta. Shuɗin da ake gani ba shi ne matsalar ba. Bayan launi na ƙarshe a bakan gizo akwai wani hasken da ido ba ya gani, mai ƙarfin da ke ƙona nama. Rana na fitar da shi, amma Allah ya sa sararin sama na tare mafi muninsa kafin ya iso gare mu. Ƙwan fitilar gida ma na yin sa a ciki, farar hodar da aka shafa da gilashin ne ke tsare mu. Wannan kuwa an yi ta ne musamman don ta sake shi tsirara. Kuma ba nan take yake ciwo ba, sai bayan awoyi mutum ya ji kamar an zuba masa yashi a ido, lokacin da ba zai ɗora laifin a kan fitilar da ya kalla da safe ba.

Injiniya Rashid ya fito, saurayi mai tsabta da farar riga irin ta likitoci, da baƙin tabarau. Na lura a bayan fitilar yake tsayawa, ba ya zuwa gabanta.

"Masa, kai ne tica daga Najeriya? Ka zo a daidai. Abin da Turawa ke nema da biliyoyi, ni na yi shi da tukunya. Nan da 'yan watanni Nima duka babu dumso." Masa kamar maigida ne a bakinsu, dumso kuma shi ne sunan da suka ba ɗauke wuta.

Na ce, "Me ke haɗewa a cikin tukunyar?"

"Sirri ne."

"Zafin da ake bukata ya fi na tsakiyar rana. Me ya hana tebur ɗin ya kama da wuta?"

"Cale, abokina, kai littafi ka karanta. Ni yi na yi."

Yana rufe baki aka ɗauke wuta. Fankar mai aski ta tsaya, ƙaramar rana ta mutu tare da ita. Injin da zai ba Nima lantarki ashe a soket ɗin bango yake shan nasa. Na dube shi, ko a jikinsa. Ya ce ai rana ma tana faɗuwa.

Na ce masa fitilar nan tana ƙona idon mutane, shi ma ya sani tunda ga tabarau a fuskarsa. Ya ce shi bai kamo kowa da igiya ba, kuma ba ya karɓar kuɗin magani, gudummawar bincike kawai suke bayarwa. Raina ya ɓaci, na fita.

Saƙo

Na yi abin da ɗan mutunci ke yi, na bi ta hannun manya. Na zaunar da Mma Memuna na ce mata, a fili ba kwana-kwana: fitilar nan ƙona ido take, Baba ya daina zuwa daga yau, ya koma kan maganinsa, a kai shi asibitin ido. Ta dafe ƙirji, ta ce ita ƙanwa ce, ba za ta iya tunkarar yayanta da wannan ba, amma za ta gaya wa Liman, abokinsa tun na ƙuruciya.

Ta sami Liman bayan azahar. Daga baya na ji abin da ta ce masa: wai Malam ya ga fitilar, ya ce haskenta ya yi ƙarfi da yawa, a riƙa bi a hankali. Liman kuma mutum ne da ba ya son ɓata wa kowa, ga shi shi ma yana zama a bencin. Bayan la'asar ya ce wa Baba, surukinka ya je ya gani da idonsa, ya ce hasken nan akwai ƙarfi.

Kafin magariba Baba ya aiko a kira ni. Na durƙusa a inda na saba, na same shi cikin farin ciki.

"Madalla da kai. Masu cewa ƙarya ne, yanzu ga malamin kimiyya daga Hausa ya shaida. Gobe Asabar tare za mu je, ka zauna a gaba kusa da ni, mutane su gan ka."

Ka ji fa. Na taso daga Zariya in hana, ladabi ya bi da maganata ta baki biyu ya mayar da ni shaida. Kowa ya rage mata kaifi kaɗan don kada ran tsoho ya ɓaci, har ta iso masa ba ta yanka komai. Ni ma da nake durƙushe a gabansa, ga dama ta samu, abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba."

Asabar

Da hantsi muka tafi, Baba a gaba da sandarsa, ni a baya da tazarar da ta kamata. Bencina sun cika, tsofaffi maza da mata, yawancinsu ido jajur, kowa da ƙyallen share hawaye. Injiniya ya gabatar da ni da sunan farfesa, aka yi ta gyaɗa kai. Ya ce a yi bismilla, ya gyara tabarau, ya koma bayan tukunya ya kunna.

Baba ya matsa gaba a kan benci. Ya sa yatsa biyu ya buɗe fatar idon nan guda ɗaya da ya rage masa, wadda kumburi ya rufe, ya miƙa fuskarsa ga fitilar.

A nan ne na shafa wa idona toka. Na tashi na fizge wayar daga bango. Na juya na tsaya a gaban surukina, na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na kama wuyan hannunsa.

"Baba, tashi mu tafi. Ban shaida komai ba. Wannan fitilar kashe ƙwayoyin cuta ce, ba rana ba ce. Hawayen da kake yi ƙuna ce. In ka ci gaba da zuwa nan kana barin maganinka, makancewa za ka yi."

Na ɗaga murya na maimaita wa sauran, na ce su dubi wanda ya kunna ta, su tambaye shi dalilin da ya sa shi kaɗai ke da tabarau. Na ɗauka fitilar za su duba, ko Injiniya. Ina, hannuna suke kallo a kan hannun Baba. Wata tsohuwa ta ce da ta kusa da ita, a Hausa ma yanzu haka ake yi? Injiniya ya harɗe hannu yana murmushi, ya san ba sai ya ce komai ba.

Baba bai yi mini magana ba. Ya juya wajen Liman, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ka ce wa baƙon nan ya sake mini hannu."

Na saki. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya fita shi kaɗai, bai yarda kowa ya riƙe shi ba. Kalmar nan ta baƙo ta yi mini zafi ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji ta.

Da na koma gida na tarar an fito da jakata tsakar gida. Mma Memuna na kuka, tana cewa ai da na bari an sake bi a hankali. Na ce mata an bi, na ga inda ya kai mu. Kafin in bar unguwar na sami wata ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka da su na yi mata bayanin fitilar, ta ce za ta kai maganar inda ya dace. Na je yin sallama, ƙofar Baba a rufe. Na durƙusa na yi wa ƙofa sallama, na ɗauki jakata.

Komawa

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Shingayen na nan inda na bar su, tekun ya koma hannun dama. A Agege ɗan baffana ya tambaye ni yadda na baro surukai, na ce lafiya lau. Abinci ma ban iya ci sosai ba, ina ta tunanin ko na yi asarar suruki ne a banza, gobe ya koma bencinsa.

Na iso Zariya da yamma. Adiza ta karɓi jakata, ta kawo ruwa, ta bari na yi sallah. Sannan ta zauna ta ce Mma Memuna ta kira tun ina hanya.

Baba bai sake taka shagon ba. Kada mai karatu ya ɗauka bayanina ne ya shige shi, har yanzu cewa yake fitilar na da kyau. Abin da ya hana shi shi ne, ba zai iya zama a bencin da surukinsa ya kama masa hannu a gaban jama'a ba. Liman ma ya daina zuwa don kara, wasu suka bi Liman. Injiniya ya kwashe tukunyarsa, an ce an gan shi wajen wata unguwa da ake kira Malam yana neman shago. Da zaman gida ya ishi Baba, idon kuma ya dame shi, ya bari Mma Memuna ta kai shi asibiti, aka mayar da shi kan magani. Likita ya ce an yi ɓarna, amma da sauran gani. Shekarun da na yi ina karanta haske ba su tsinana komai ba, rashin kunyar minti ɗaya ce ta yi aikin.

"Akwai saura," in ji Adiza. "Ya ce kada a ƙara ambaton sunanka a gidansa. In ka sake zuwa Maamobi kuka haɗu a lungu, zai kau da kai."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa ɗan baffana na Agege da Mma Memuna da ta ciyar da ni, har da Baba da ya ba ni 'yarsa, ko da ba zai karɓi godiyar ba. Na ce wa Adiza ta yi haƙuri, na je gyara na ɓata tsakaninta da gida.

Ta share ido da gefen zane, ta tura mini kwanon tuwo.

"Kafin ya kau da kai, ai sai ya gan ka," ta ce. "Ci abincinka, Malam."